Sana'ar Tariyo Baya

Allon da ke ƙofar shagona cewa ya yi ana cajin waya, ana tura waƙoƙi da finafinai da karatu. Ba ƙarya ya yi ba, da waɗannan ake cefane. Amma wanda ya leƙo ciki ya dubi kusurwar hagu zai ga wani tsohon dek, wato na'urar kunna kaset, mai baki biyu, na lulluɓe shi da tsumman atamfa saboda ƙura, ga kwalaye uku cike da kaset a ƙarƙashin tebur. Yaran unguwa gidan tarihi suke kiran wajen, suna yi suna dariya. Ni kuwa nan ce sana'ata, sauran duk rufin asiri ne.

Ina ɗan shekara goma sha biyar kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin wani abokinsa mai shagon kaset a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano. Wanda bai ga Ƙofar Wambai ta wancan lokaci ba sai dai a ba shi labari. Kowane shago da tasa lasifikar, wannan ya saki Ɗanƙwairo, na kusa da shi ya saki wa'azi, na gaba ya saki Indiya, kuma a haka ake ciniki ba wanda ke cewa wani ya rage. Daga nan kaya ke tashi zuwa Gusau da Sakkwato, su tsallaka Maraɗi da Damagaram. Aikina na farko liƙa takarda ne da rubuta suna da biro. Sai da na shekara cur kafin maigida ya yarda na taɓa na'urar kwafi, shi ma yana tsaye a kaina. A wurinsa na koyi cewa kaset suna suka tara. TDK da Maxell da Sony su ne na mutunci. C60 minti talatin ne kowane gefe, C90 minti arba'in da biyar. C120 kuwa ko kyauta aka ba shi ba ya karɓa, ya ce zarensa ya cika sirantaka, rediyo na ganinsa take taunewa.

Ina shagon nan aka sanar da rasuwar Alhaji Mamman Shata a watan Yunin 1999. Kwana uku na'urarmu ba ta huce ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani dattijo, tsohon abokin cinikinmu, da ya zo ya nemi Bakandamiya. Na ce, "Baba, ai kun saya a nan, ni na naɗe muku a leda." Ya ce ya sani, waccan tana nan, so yake ya ajiye ta kada ta ƙara shiga rediyo, wannan sabuwar ita zai riƙa ji. Na ba shi, na karɓi kuɗi, a raina ina cewa tsufa dai. Ban gane abin da yake nufi ba sai bayan shekara ashirin.

A daidai wannan tsakanin ne kuma kiɗan fiyano ya mamaye gari. Fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta shiga kowane lungu, daga gidan biki har bakin famfo. Manya suna tsaki, suna cewa wannan ba kiɗa ba ne, ina kalangu, ina kotso, ina kukuma. Maigidana yana cikin masu tsakin, amma shi ne ya fara ƙaro na'ura ta biyu saboda kaset ɗin waƙoƙin fim. Ciniki ba ruwansa da ra'ayi.

Aikin da na fi so a lokacin shi ne haɗi. Saurayi zai zo da takarda a ninke, ya rubuto waƙa goma ko sha biyu, ya ce a haɗa masa a kaset ɗaya. Ba ya faɗin ko na wane ne, ni ma ba na tambaya, amma jerin kaɗai ya isa. Idan ya fara da waƙar yabon kyau ya rufe da ta alkawari, sabon shiga ne. Idan ka ga waƙoƙin haƙuri sun yi yawa, an yi faɗa. Idan ya ce a bar masa minti ɗaya a farko babu komai, to zai je ɗaki ya rufe ƙofa ya naɗi muryarsa. Ina lissafa mintoci a bayan takardar don kada waƙar ƙarshe ta yanke, domin a ganina babu abin kunya ga mai haɗi kamar kaset ya ƙare mawaƙi yana tsakiyar baiti. Akwai wanda ya dawo mini da haɗinsa bayan wata biyu, fuska a murtuke, an ba wani yarinyar. Ya ce in toshe ramukan saman kaset ɗin da takarda in ɗora masa wa'azi a kai. Na ɗora. Sai dai na'urar ba ta goge tsaf ba, idan malam ya yi shiru yana jan numfashi kana jiyo fiyano can ƙasa-ƙasa.

Yadda kasuwar ta rushe ba dogon labari ba ne, kowa ya gani. Faifan sidi ya zo ya ture kaset. Wayar salula ta shigo a 2001, kafin wasu shekaru ta fara ɗaukar memori, yara suka koyi tura wa juna waƙa ta Bluetooth, daga baya Xender. Maigidana ya koma sayar da robobi. Ni na harhaɗa abin da nake da shi na sayi kwamfuta ta hannu, na kama wannan shagon a bakin hanyar Katsina, na zama ɗan turi. Ba zan ɓoye ba, turi sana'a ce mai ƙaiƙayi a zuciya. Mutum ya kashe kuɗinsa a situdiyo, ni in tura wa mutum ɗari ba tare da ko sisi ta koma gare shi ba. Masu fim sun yi ta kuka da mu kuma suna da gaskiya. Wasu mawaƙan kuma da ƙafarsu suke aiko yara da sabuwar waƙa, su ce a tura wa kowa kyauta, don sun san a wurin biki da taron siyasa za su fanshe. Tsakanin waɗannan biyun muke rayuwa, ban taɓa jin na warware wa kaina lissafin ba.

Abin da turi ya koya mini shi ne sauraron mutane. Rabin masu zuwa ba su san sunan waƙar da suke nema ba. Wani zai tsaya ya yi ta guna-guni da hanci, ya ce, "Ka gane ta ai, wadda ake yi a gidan rediyo da yamma." Wata za ta ce wadda wane ya hau a fim ɗin da ya sa jar hula. Mutanenmu da ɗan wasa suke gane waƙa, wanda ya rera ta a situdiyo ba kowa ya damu da shi ba. Mutane da yawa sun ɗauka marigayi Ibro ne ke rera waƙoƙin da yake hawa, sai na ce musu akwai waɗanda Sadi Sidi Sharifai ne ya yi, su yi ta musu da ni. A hankali kunnena ya zama kamar na mai gyaran mota, ƙara kaɗan nake ji in san inda aka dosa.

Kuma ina iya faɗa maka shekarun mutum daga abin da ya nema, da wuya in kuskure da fiye da biyar. Wanda ya ce Muhammad Rafi ko Lata Mangeshkar, ya yi zamanin Plaza da Orion da Eldorado, kuma ko ba ka tambaye shi ba sai ya ba ka labarin dukan da ya sha a gida ranar da aka gane ya je silima. Wanda ya ce Bob Marley ko Lucky Dube, tsohon ɗan makarantar kwana ne, yanzu ga furfura ga tabon sallah, sai ya waiga hagu da dama kafin ya faɗa. Matan da suka manyanta Barmani Coge suke nema, su ce a sa musu a wayar da jikoki ba sa taɓawa. Tun da ta rasu a 2013 ban ga wadda ta maye gurbinta a zukatansu ba. Akwai kuma wani rukuni na mata, yanzu duk sun aurar ko suna shirin aurarwa, waɗanda ke neman waƙoƙin finafinan Ahmad S. Nuhu. Ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairun 2007, kuma kusan kowace a cikinsu za ta gaya maka inda take zaune da abin da take yi lokacin da labarin ya iske ta. Ban taɓa tambaya ba, su suke faɗa, ina danna kwamfuta suna ba da labari.

Dek ɗin nan kuwa shekara da shekaru yana ajiye ba aiki, har matata ta ce in sayar wa 'yan gwangwan. Wani malamin makaranta ne ya fara kawo mini kaset ɗin walimar saukarsa ya ce ko zan iya mayar masa cikin waya. Na gwada, ya yiwu. Shi ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Kaset ɗin da ya shekara talatin a ƙasan adaka ko a saman silin, zafi ya gasa shi, damina ta jiƙa shi, ba a ɗaukarsa a jefa cikin dek kai tsaye. Sai na fara ɗaga shi a haske in duba ko akwai fumfuna, farin abu kamar gari a gefen zaren. In zura biro in juya a hankali in ji ko zaren ya manne. Idan gidan ya karkace, in kwance sukurorin nan biyar, in ɗauke zaren in mayar da shi wani gidan mai lafiya. Shi ya sa nake sayen tsofaffin kaset ko da abin da ke ciki ba shi da amfani, gidan nake so. Waɗanda aka liƙe ba sukuru sai an fasa su da wuƙa, a nan ne hannu ke rawa. Akwai wani ɗan soso ƙarami a tsakiyar bakin kaset, shi ke danna zare ya kwanta a kan hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanto murya daga zaren. Yawanci ya faɗi ko ya ruɓe, kuma idan babu shi murya sai ta fito kamar daga cikin rijiya. Inda zare ya tsinke, a da jan farce muke ɗigawa mu haɗa. Yanzu na daina, yana bushewa ya yi ƙarfi ya kankare hed. Salatif siriri nake yankawa da reza in liƙa ta bayan zaren, ban da gefen da murya take. Sai in goge hed da robar da ke jan zare da auduga da sifirit, in ɗan juya sukurun gefen hed har muryar ta washe, sannan in haɗa waya daga dek zuwa kwamfuta. Daga nan sai zama. C90 minti casa'in yake ci, ba yadda za ka yi ka gaggauta shi. Idan aka ɗauke wuta a minti na tamanin, ka koma farko. Wannan ne ya tilasta mini sayen batir da sola tun kafin in shirya.

Wata ranar Talata da hantsi adaidaita sahu ta sauke wata Hajiya da jikarta a ƙofar shago. Ta kai shekara saba'in. Ta zauna a benci, ta buɗe jaka, ta fito da ƙullin hankici, ta warware. Kaset ne guda ɗaya, takardar jikinsa ta yi ja, rubutun ya kusa gogewa.

Ta ce, "Ɗan nan, an ce kai ne mai mayar da irin wannan cikin waya."

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Me ke ciki?"

Ta ce, "Ɗan Maraya ne. Ka bi shi a hankali."

Da dare na zauna da shi. Ɗan Maraya Jos ne kuwa, shi da kuntiginsa, amma ɗaukar ta yi muni ƙwarai. Da ji ka san rikoda aka kara a bakin rediyo. Ga shuu kamar ana ruwa, ga ƙarar ƙofa, ga kukan jariri, ga wani yana tari, har da magana a tsakiya. Gefe ɗaya kawai aka ɗauka, waƙa huɗu, ta ƙarshen ma ba ta kai ba. Kuma yana gama wucewa zaren ya tsinke a wuri biyu. Na duba kwamfutata, duk waƙoƙin huɗu ina da su, tas-tas, cikakku. Sai na ce bari in yi wa tsohuwa abin arziki. Na jera mata masu kyan a memori, har na ƙara mata biyu kyauta, na jefa waccan mai hayaniyar a kwandon shara na kwamfuta. Na kwanta ina jin na yi aikin lada.

Ranar Alhamis suka dawo. Jikar ta sa mata abin ji a kunne. Ina kallon fuskarta ina jiran godiya. Waƙar farko ta wuce ba ta ce komai ba. Ta biyu ta kama, sai na ga ta ɗan sunkuyo, ta ɗaga yatsa ɗaya kamar mai jiran a kira sunanta. Yatsan ya daɗe a sama. Sannan ta sauke shi, ta cire abin kunnen.

"Ina tarin?"

Na ce, "Wane tari, Hajiya?"

"Tarin Malam. A nan yake yin tari, sannan ya yi magana. Wannan ba nawa ba ne."

Na fara bayani, wai na samo mata wadda ta fi fita. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ɗan nan, Ɗan Maraya ai ko a rediyo ina jinsa. Ba ni kaset ɗina." Ga kaset a tsinke a cikin aljihun tebur. Gumi ya karyo mini. Na ce ta ba ni minti biyar. Na buɗe kwandon sharar nan hannuna na ɓari, domin yaron shagona yana da ɗabi'ar share shi duk safiya don a sami wuri. Allah ya rufa asiri, ranar ya makara. Abin yana nan.

Na sa mata a lasifika don na kasa jiran abin kunne. Shuu ɗin ya cika shago. Kuntigi ya shigo. Jariri ya tsala kuka. A tsakiyar waƙa ta biyu aka yi tari sau biyu, sai muryar namiji, kusa da rikoda sosai, ta ce, "Ku yi shiru mana, ina ɗauka." Shi ke nan abin da ya faɗa. Hajiya ta dafa gwiwar jikarta ta ce, "Kin ji kakanki. Mai kukan nan kuma babanki ne." Yarinyar ba ta taɓa jin muryar kakan nata ba, ya rasu tun kafin a haife ta. Ta ce in mayar. Na mayar sau huɗu. Wani da ya zo karɓar caji ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba har aka gama.

Na ƙi karɓar kuɗinta, ta ƙi yarda, ta ajiye a kan tebur ta ɗora kwalbar sifirit a kai. Na liƙa mata zaren a gabanta, ta mayar da kaset cikin hankici. A ranar ne dattijon nan mai Bakandamiya biyu ya faɗo mini a rai.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka. Kafin in taɓa kaset sai na tambayi mai shi abin da yake so ya ji a ciki. Kuma kullum kwafi biyu nake bayarwa, ɗaya yadda ya fito daga dek ba a taɓa ko ƙwayar shuu ba, ɗaya wanda na ɗan rage wa hayaniya. Na lura na farkon ake ji. Manhajar da nake aiki da ita tana iya tsotse shuu har wuri ya yi tsit, amma idan ka matsa mata sai muryar mutum ta koma kamar yana magana a cikin gwangwani. Yanzu kaɗan nake taɓawa.

Da na fara tambaya sai na ga ashe Hajiya ba ita kaɗai ba ce. Wani direban tirela ya kawo haɗin da aka yi masa tun yana yaron mota. Wanda ya yi haɗin bai iya lissafi ba, waƙar ƙarshe ta gefen farko ta yanke a tsakiyar baiti, ƙat. Na ce in cike masa? Ya ce kul. Ya ce shi a wurinsa nan waƙar take ƙarewa, ya taɓa jin cikakkiyar a wata tasha sai ya ji kamar an yi mata ƙari. Da wannan ƙat ɗin, in ji shi, maigidansa kan miƙo hannu ya juya kaset, ya ce masa ya leƙa ya duba taya. Abin da na ɗauka abin kunya ne a sana'a, shi wani ya biya ni in adana masa. Wani kuma tsohon ɗan Zaɓi Sonka ne, ya naɗi ranar da aka karanta katinsa a Rediyon Kaduna. Waƙar da ya zaɓa ba ta dame shi ba, jerin sunayen da ya gaisar yake so, mutum goma sha wani abu. Yana ji yana ƙirgawa da yatsu, wannan ya rasu, wannan yana Legas, wannan ya rasu, wannan ita ce uwar 'ya'yana.

Akwai kaset ɗin da ba waƙa ba ne, saƙon murya ne da mutanenmu mazauna Makka da Jidda kan aiko wa dangi ta hannun alhazai, tun ba waya. A ciki akwai gaisuwa, akwai rabon kuɗi, akwai faɗan gida. Dole in ji, tunda sai na saurara nake sanin ko aikin na tafiya. Amma abin da na ji a shago yake kwana. Idan na miƙa aiki, mai shi ya tabbatar ya buɗe a wayarsa, sai in goge nawa a gabansa, sai fa in shi ya ce in ajiye masa saboda ɓacin rana. Yarona ya taɓa cewa mu riƙa ɗora irin waɗannan a TikTok, wai za mu tara mabiya. Na ce masa ranar da ya gwada ita ce ranarsa ta ƙarshe a shagon.

Ta fuskar kuɗi kuwa, kada wani ya ji wannan labari ya ce zai bar aikinsa. Kaset ɗaya yakan cinye mini rabin yini, abin da nake karɓa a kai bai fi na turin mutum shida ko bakwai ba, wanda nake gamawa cikin minti ashirin. Bel ɗin dek idan ya saki ba a samun sabo, sai in bi masu gyaran rediyo ina tonon matattun rikodoji. Turin ma kansa yana ja da baya, yaran yanzu da data suke shiga YouTube da Audiomack su ɗauko abinsu. Waɗanda suka rage mana su ne direbobi, da mutanen ƙauye ranar da suka shigo gari, da matan aure, da duk wanda ya ga data ta fi ƙarfinsa. Da azumi kuma waƙa takan kwanta gaba ɗaya, sai tafsiri da ƙira'a, har a ga wata. Rabon da in ga layi a ƙofar shagon nan saboda waƙa ɗaya tun 2020, da aka sassauta kullen korona kowa ya fito yana neman Jarumar Hamisu Breaker. Ni waƙar ba ta kama ni ba, na tsufa da ita. Amma na ajiye ta a wuri mai kyau, don na san amaren shekarar nan za su zo nemanta wata rana da jikoki a gefe, ko a wurina ko a wurin yaron nan.

Mutane kan tambaye ni wace waƙa na fi so, tunda ina zaune a kan dubbai. Nakan ce Shata don a wuce wurin. Gaskiyar ita ce wadda na fi so ban san sunanta ba. Wani sautin Indiya ne da mahaifiyata kan yi da hanci idan tana tankaɗe. Ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Wataƙila daga rediyon maƙwabta ta tsinta, wataƙila kuma daga masu bege, tunda akwai masu ɗaukar karin waƙar Indiya su ɗora yabon Annabi a kai. Gaɓa ɗaya ce take maimaitawa, ta hau sau biyu ta sauko, daidai da bugun rariya a tafin hannunta. Shekarun da na yi da rikoda a hannu, na naɗi bikin mutane, na naɗi saukar mutane, ban taɓa kara mata ita a baki ba. Kullum gani nake tana nan.

Na rera wa tsofaffin 'yan silima da dama, kowa ya ce ya san ta, ya faɗi suna, in nemo in ji ba ita ba ce. Yarona ya ce Google na gane waƙa idan ka yi masa guna-guni. Na yi masa sau uku a cikin shago bayan na rufe ƙofa, ya kawo mini wata waƙar Turawa da wata ta coci. Watan jiya wani dattijo da ya ce ya yi aikin yankar tikiti a silima yana saurayi ya zo cajin waya, na gwada masa. Ya rufe ido, ya karɓe daga inda na tsaya, ya ƙara gaɓa biyu da ban taɓa ji ba amma na san nata ne. Sunan fim ɗin ya ɓace masa. Ya ce amma tana cikin kaset ɗinsa, ya tabbata. Bayan kwana biyu ya aiko jikansa da buhun siminti, kaset talatin da ɗaya a ciki, babu mai rubutu ko ɗaya, fumfuna ta ci rabinsu. Ina yin ɗaya duk dare bayan na tashi daga shago, idan batir ya yarda. Na gama sha biyu. Na sha uku gidansa liƙaƙƙe ne, sai gobe in na sayo sabuwar reza.